Taron Fid Da Gwani A Amurka: Kafin Mu Yi Dariya, Mu San Wa Ake Yi Wa

Masu iya magana na cewa da wasa ake faɗa wa wawa magana. Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin yana kallon babban taron da manyan jam'iyyun ƙasar nan biyu, wato Rifablikan da Dimokurat, kan yi sau ɗaya a kowace shekara huɗu domin tsayar da ɗan takararsu na shugaban ƙasa, zai yarda cewa 'yan siyasar Amurka sun riƙe wannan karin magana da kyau, ko da yake ba su taɓa jin Hausa ba. Kwana huɗu ake kwashewa ana jawabai, wannan ya sauka wancan ya hau, a yi alkawarin aikin yi da rage haraji da tsaron ƙasa, amma da zarar an sako balan-balan an watse, abin da kan saura a bakin jama'a a shagon aski da cikin tasi shi ne barkwancin da wani ya yi har zauren ya kece da dariya.

Mu matasan da aka haifa ko aka raina a nan, 'ya'yan waɗanda suka taso daga zangunan Ankara da Kumasi da garuruwan Nijar da Najeriya suka yada zango a Bronx da Harlem, mun saba tura wa juna guntayen irin waɗannan jawabai ta waya muna ta dariya. Abin da muke son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, alkawarin ɗan siyasa riga ce da ake ɗinkawa yadda za ta shiga wuyan kowa, don haka ba ta cika nuna komai ba. Ba'a kuwa ba ta yiwuwa sai da wanda za a yi wa. Saboda haka duk mai son sanin wanda jam'iyya ta ɗauka nata da wanda ta bari a waje, sai ya kasa kunne ya ji abin da ya ba wakilanta dariya.

Yadda taron ya koma dandali

A da can, a cikin zauren taron ake yanke hukunci. A 1924 'yan Dimokurat sun taru a Madison Square Garden da ke nan Niyok, inda suka kwashe kwana 16 ana taro, suka kaɗa ƙuri'a har zagaye 103 kafin su daidaita a kan John W. Davis. Shi kansa ɗan takara ba ya zuwa ya yi jawabi a wurin, sai a 1932 da Franklin Roosevelt ya hau jirgin sama zuwa Shikago ya karɓi tuta da hannunsa. Rabon da wata babbar jam'iyya ta wuce zagayen farko wajen tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa tun 1952. Daga 1972 kuwa, zaɓen fid da gwani da ake yi jiha-jiha shi ke raba gardama, wakilai su iso taro an riga an san gwani.

To, idan an riga an san gwani, me ya rage? Abin da ya rage shi ne miliyoyin mutanen da ke kallo daga gida. Don haka ne ake ɗaukar ƙwararrun marubuta su tsara jawabai, jami'an yaƙin neman zaɓe su tace su, sannan a riƙa nuna wa mai magana rubutun a wani allon gilashi da ke gabansa. Wannan na nufin akasarin barkwancin da muke ji ba suɓutar baki ba ne. An zauna an rubuta shi, an auna shi, an kuma yi hasashen zai yi wa masu zaɓe daɗi. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ma'aunin da muka gada

Mu ba baƙin raha ba ne. Iyayenmu sun zo ƙasar nan da wasan Bafulatani da Babarbare, da na Bagobiri da Bayarabe, da na Bakano da Bazazzagi, ga wasan taubasai da na jika da kaka. Duk zafin irin wannan tsokana, tana da ƙa'idar da kowa ya sani: wanda ake tsokana yana zaune a wurin, yana da bakin ramawa, kuma idan an gama za a sa hannu a kwano ɗaya. Da zarar an rasa wannan, magana ta tashi daga wasa ta koma zambo da cin fuska. Da wannan ma'auni za mu auna abin da ake yi a waɗannan tarurruka.

Mu fara da taron 'yan Dimokurat na 1988 a birnin Atlanta. Ann Richards, wadda a lokacin ita ce ma'ajin jihar Teksas, ita aka ba babban jawabin buɗe taro, ta kuwa ɗauko abokin hamayyarsu, George Bush babba. Turawa kan ce an haifi ɗan masu kuɗi da cokalin azurfa a baki, su kuma ce wa mai katoɓara ya cusa ƙafarsa a baki. Sai ta haɗa biyun ta ce a tausaya wa George, ba laifinsa ba ne, da ƙafar azurfa a baki aka haife shi. Zaure ya ɗauka da shewa. Amma Bush ya ci jihohi 40 cikin 50 a zaɓen, daga baya ma ya ba ta kyautar wani ɗan abin maƙalawa a riga na azurfa mai siffar ƙafa. A 1994 kuma ɗansa George W. Bush ya kayar da ita daga kujerar gwamnan Teksas da ta ci a 1990. Wannan wasa ne tsakanin manya, kowa da bakinsa, kowa da ƙarfinsa, an yi gayya an kuma rama.

A wannan taron ne kuma aka ba Gwamnan Arkansas, Bill Clinton, damar gabatar da sunan ɗan takara Michael Dukakis. Ya yi ta zuba har sama da minti 30, wakilai suka gaji suka shiga hirarsu, kuma tafi mafi ƙarfi da ya samu shi ne lokacin da ya ce ya zo ƙarshen jawabinsa. Da yawa suka ɗauka siyasarsa ta ƙare. Maimakon ya yi fushi, sai ya tafi shirin dare na Johnny Carson a talabijin ya yi wa kansa dariya. Bayan shekara huɗu, a 1992, da ya tsaya a Madison Square Garden yana karɓar tutar jam'iyyar, sai ya ce dalilin da ya sa ya fito takara shi ne don ya dawo ya ƙarasa wancan jawabi da ya faro. Wanda ya riga mutane yi wa kansa dariya, ya rufe bakin masu yi masa.

Daren da aka yi wa aikin unguwa dariya

Labarin da ya fi shafarmu ya faru ne a ranar 3 ga Satumban 2008 a birnin St. Paul na jihar Minesota, lokacin da da yawa cikinmu ba mu wuce firamare ba, sai dai hotunan bidiyon na nan a YouTube ga mai son gani. A daren ne jam'iyyar Rifablikan ta gabatar da Gwamnar Alaska, Sarah Palin, wadda Sanata John McCain ya ɗauko ta yi masa mataimakiya kwana biyar kafin nan. Kafin ta hau, tsohon magajin garin Niyok, Rudy Giuliani, ya riƙa lissafo ayyukan da Barack Obama ya taɓa yi a rayuwarsa, da ya zo kan cewa ya yi aikin haɗa kan jama'ar unguwa sai ya dakata ya yi dariya, kamar mai tambayar wai wane irin aiki ne wannan, zauren kuma ya taya shi.

Da Palin ta hau, sai ta ɗora daga nan. Ta ce a ganinta magajin garin ƙaramin gari tamkar mai haɗa kan unguwa ne, bambancin kawai shi magajin gari akwai nauyi na gaske a wuyansa. A wannan jawabi ne kuma ta tsokani kanta da sauran iyaye mata masu kai 'ya'yansu wasan hoki na ƙanƙara, inda ta ce jan-baki ne kaɗai ya raba su da mugun kare mai cizo. Mutane kimanin miliyan 37 ne suka kalli jawabin a talabijin, adadin da ya kusa kamo na Obama kansa a birnin Denver mako guda kafin nan.

Adalci ya sa dole mu faɗi cewa ba ita ta fara ba. A ranar da aka bayyana sunanta, kakakin ɓangaren Obama ya yi mata shaguɓe da cewa an ɗauko tsohuwar magajiyar garin da mutanensa ba su wuce 9,000 ba, wato Wasilla. Ashe ke nan kowane ɓangare ya raina ƙaramin aikin ɗan'uwansa. Sai dai Palin tana da dandalin ramawa, ta kuma rama. Waɗanda ba su da dandali a wannan dare su ne dubban mutanen da ke wannan aiki na unguwa a faɗin ƙasar nan, da jama'ar da suke yi wa hidima.

Shin wane aiki ne aka yi wa dariyar? Daga 1985 zuwa 1988 Obama ya yi aiki da wata ƙungiya da majami'u suka kafa a kudancin Shikago, a lokacin da masana'antun ƙarfe na yankin suka rufe, mutane suka rasa abin yi. Yakan bi gida-gida yana sauraron koke, ya tara mazauna rukunin gidajen gwamnati na Altgeld Gardens su je su tsaya gaban hukuma a kan wani sinadari mai cutar da huhu da aka yi amfani da shi a ginin gidajensu. A 1992 kuma ya jagoranci wani gangamin rajista da ya shigar da sunayen mutane kimanin 150,000 cikin kundin masu zaɓe a jihar Illinois.

Jama'a, ai wannan aikinmu ne. Shi ne abin da matasanmu ke yi idan suka raka dattijo asibiti don su yi masa tafinta, ko suka rubuta wa mai gida takarda a tsakiyar hunturu saboda na'urar ɗumama ɗaki ta mutu, ko suka zaga da kwano bayan sallar Juma'a don haɗa kuɗin jana'izar wanda ya rasu ba shi da kowa a nan. Shi ne kuma abin da sarakunan zango da limamai suka yi wa kakanninmu a Nima da Sabon Zango tun kafin a haifi Giuliani: baƙo ya sauka a nema masa masauki, a sasanta rigima, a je a yi magana da hukuma da murya ɗaya. Duk wanda ya yi dariya a wancan dare, da saninsa ko ba da saninsa ba, da mu yake.

Dariya ba ta cin zaɓe, haushi ma haka

Washegari manajan yaƙin neman zaɓen Obama, David Plouffe, ya aika wa magoya baya saƙo cewa haɗa kan unguwa ita ce hanyar da talaka ke bi ya mayar da martani ga 'yan siyasar da suka manta da shi. Ɓangaren ya bayyana cewa ya tara kimanin dala miliyan 10 cikin kwana guda bayan jawabin. A ranar 4 ga Nuwamba Obama ya samu ƙuri'un wakilan jihohi 365, McCain ya tashi da 173. Raina kama ka ga gayya.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu mu ce ba'ar ce ta kayar da McCain. Hasali ma bayan taron ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta nuna ya yunƙura har ya ɗan wuce gaba. Abin da ya juya lissafi shi ne durƙushewar bankin Lehman Brothers a ranar 15 ga Satumba da rikicin tattalin arzikin da ya biyo baya. Rawar da ba'ar ta taka ita ce ta zaburar da mutanen da tun tuni suna da jerin sunaye da lambobin waya, sun kuma san ƙofofin da za su ƙwanƙwasa. Da ba su da wannan shiri, da haushin ya ƙare a hirar shagon aski.

Kujerar da babu kowa a kanta

A taron Rifablikan na 2012 a birnin Tampa, tsohon jarumin fina-finai Clint Eastwood, yana da shekara 82, ya sa aka ajiye masa kujera babu kowa a kanta, ya kwashe fiye da minti 10 yana yi mata magana a matsayin wai Obama ne ke zaune. Wannan kam ba a tace shi ba, har ya danne jawabin ɗan takara Mitt Romney a bakin jama'a. Ɓangaren Obama ya mayar da martani da hotonsa a kan kujerar shugaban ƙasa, da rubutun cewa wannan kujera da mai ita. Abin lura a nan shi ne, babu abin da ya kai yi wa kujera magana sauƙi, domin ba ta ramawa. Obama yana da fadar shugaban ƙasa da zai amsa daga ciki, amma baƙo da Musulmi da direban tasi, sau nawa ake mayar da su wannan kujera?

An ga abin da kan faru idan mai kujerar ya samu lasifika a taron Dimokurat na 2016 a Filadelfiya. Khizr Khan, Musulmi ɗan asalin Pakistan wanda aka kashe ɗansa Kyaftin Humayun Khan a Iraƙi a 2004 yana sanye da kakin sojan Amurka, ya zaro ɗan ƙaramin kundin tsarin mulki daga aljihu, ya tambayi Donald Trump ko ya taɓa karanta shi, ya ce in bai taɓa ba zai ara masa nasa. Habaici ne da ya zaga duniya. Amma Trump ya ci zaɓen, a farkon 2017 ya sa hannu a dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shigowa, ciki har da Sudan, daga baya cikin shekarar aka ƙara Chadi na wasu watanni, a farkon 2020 kuma aka taƙaita wa 'yan Najeriya bizar zama. Iya magana kaɗai bai kare kowa ba.

A 2024 ma an kwata. A taron Rifablikan na Milwaukee an ga wakilai riƙe da kwalaye masu kiran a kwashe baƙi da yawa a fitar da su daga ƙasa. A taron Dimokurat na Shikago kuwa, Michelle Obama ta ɗauko maganar da Trump ya yi a muhawarar watan Yuni cewa baƙi na ƙwace ayyukan baƙar fata, ta tambaya wa zai gaya masa cewa mai yiwuwa kujerar da yake nema ma tana cikin ayyukan baƙar fatan. Mun yi dariya ƙwarai, domin mu baƙi ne kuma baƙar fata. Amma a wannan makon ne wasu wakilai da aka zaɓo don nuna rashin amincewa da yaƙin Gaza suka kwana a ƙofar zauren suna roƙon a ba Ba'amurke ɗan asalin Falasɗinu 'yan mintoci a kan dandali, aka hana su. A ƙarshe Trump ya yi nasara da ƙuri'un wakilan jihohi 312, Kamala Harris ta samu 226. Don haka wannan rubutu ba tallar wata jam'iyya yake yi ba, kowaccensu tana da wanda ta bari a bakin ƙofa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Tarurruka na gaba sai 2028, kuma tuni 'yan Rifablikan suka zaɓi birnin Houston. Wakilan da za su cika waɗannan zauruka ba daga sama za su faɗo ba, akasarinsu daga mazaɓu ake turo su ta hanyar zaɓen fid da gwani. A jihar Niyok kuwa ba a barin mutum ya kaɗa ƙuri'a a zaɓen fid da gwanin wata jam'iyya sai sunansa na cikin rajistarta, kuma mai son sauya sheƙa dole ya yi hakan zuwa ranar 14 ga Fabrairu na shekarar zaɓen. Da yawa cikin iyayenmu da suka samu takardar zama ɗan ƙasa sukan fito ne a watan Nuwamba kaɗai, bayan an riga an gama zaɓar musu waɗanda za su zaɓa.

A nan akwai gargaɗin da ya zama wajibi mu yi. Rajistar zaɓe ta 'yan ƙasa ce kawai. Wanda ke da katin izinin zama na dindindin bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, idan ya yi rajista ko ya kaɗa ƙuri'a ya karya doka, kuma hakan na iya jawo masa kora daga ƙasar. Kada wani ya miƙo takarda a bakin masallaci ko a kasuwa a sa hannu ba a karanta ba. Amma rashin ƙuri'a bai hana mutum aikin unguwa ba. Birnin Niyok na da majalisun unguwanni 59, guda 12 daga ciki a Bronx suke, ƙofar zamansu a buɗe take ga kowa ya je ya faɗi kokensa, kuma tun daga shekara 16 matashi na iya neman a naɗa shi a cikinsu.

Ga wanda ke ganin wannan ƙaramin aiki ne, sai ya tuna cewa a Nuwamban 2025 mutanen wannan birni sun zaɓi Zohran Mamdani, haifaffen Kampala ta ƙasar Uganda, a matsayin Musulmi na farko da ya ci kujerar magajin garin Niyok, wato kujerar da Giuliani ya taɓa zama a kai. Kafin ya shiga majalisar jiha, aikinsa shi ne ba masu ƙaramin ƙarfi shawara a Queens don kada banki ya ƙwace musu gidaje, kuma da 'yan sa-kai masu bin ƙofa-ƙofa ya gina takararsa. Ko mutum na sonsa ko ba ya sonsa, wannan shi ne aikin da aka yi wa dariya a St. Paul shekara 17 kafin nan.

Daga ƙarshe, muna kira ga 'yan'uwanmu matasa da cewa idan an turo mana guntun jawabi ta waya, ba laifi mu yi dariya, domin raha gadonmu ce, amma mu tsaya mu tambayi kanmu wa ake yi wa, kuma shin an ba shi damar ramawa? Muna kuma roƙon iyayenmu da malamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu, cikin girmamawa, da su ba matasa wuri a harabar masallatai da wuraren suna da biki don wayar da kai a kan rajista tun yanzu, kada a bari sai ganga ta zo ƙofar gida. Allah Ya haɗa kanmu, Ya kare mana mutuncinmu a ƙasar da muke zaune, Ya kuma ba ƙasashen iyayenmu zaman lafiya, amin.